Wa ya taɓa bin hanyar bakin teku daga Accra zuwa Kakum da Busua?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Zamu je biki Nima a Accra cikin Disamba, ni da uwargida da yara biyu, shine nace tunda an riga an kashe kuɗin hanya gara mu ƙara kamar sati guda mu buɗe ido, musamman teku, don yaran nan basu taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba. Ƙanina zai bamu aron mota. So nake mu yi yamma ta Cape Coast mu hau gadar igiyar nan ta dajin Kakum, daga nan har Nzulezu, ƙauyen nan da aka gina a kan ruwa, da dajin Ankasa in da hali. Sati zai isa kuwa? Sannan ya batun abinci da wajen sallah a hanya?

Ɗan Zangon Takoradi:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo ku lafiya. Abu na farko ana idar da asuba ku ɗau hanya, in kuka bari rana ta ɗaga cunkoson Kasoa kaɗai sai ya cinye muku safiyar. Cape Coast bata wuce kilomita 150 ba, zaku bi ta mararrabar Winneba da Mankessim, ku sauka can ko Elmina ku kwana biyu.

Kakum kamar kilomita 30 ce arewa da Cape Coast. Ku je da sassafe kuma in son samu ne banda Asabar, ranar 'yan makaranta ake zubowa bas bas, ihunsu kaɗai ya kori duk wani tsuntsu. Gadojin bakwai ne an ɗaure su jikin manyan bishiyoyi, in an haɗa su kusan mita 350, wani wajen tsakaninka da ƙasa ya haura mita 30, katako ɗaya ne faɗin tafiyar mutum ɗaya da raga gefe da gefe, kana takawa tana lilo. Amma abin da mutane basa faɗa shine kafin ka kai gadar sai ka hau tudu cikin daji, ga zafi ga gumi, don haka kada uwargida ta zo da takalmi mai tsini, kai ma a ajiye babbar riga a mota. Kuma kar a yiwa yara alƙawarin giwa, akwai su a dajin amma ganinsu sai mai tsananin rabo. In kun sauko ku nemi ɗan rakiya ya zaga da ku ta ƙasa ya nuna muku itatuwan magani, ni wannan ma ya fi min gadar.

Abinci kuwa kar ka damu, kusan duk babban gari akwai zango da masallaci, a Cape Coast ka tambayi unguwar Kotokuraba. Wake da shinkafa, koko da ƙosai, masu tsire yawanci namu ne. Inda baka yarda da naman ba ka ci dokunu (dafaffen ƙullun masara ne) da soyayyen kifi da shito, wato miyar barkonon su, shikenan.

Maman Ilham:
Ni dai maganata akan tekun ce Baban Khalifa, don Allah a riƙe yaran nan. Ruwan Gana yana da ja ta ƙasa, zaka ga mutum ruwa iya gwiwa sai igiya ta dawo ta kwashe yashin ƙarƙashin ƙafarsa, kuma yawancin wuraren babu masu ceto. Su yi wasan yashi su jiƙa ƙafa ya ishe su. Bakin tekun Busua, can gaba da Takoradi, shine ma da ɗan dama-dama don ruwansa bai kai sauran haushi ba, duk da haka a tambayi 'yan gari inda ake shiga.

Kuma kada ku wuce gidan bayi na Elmina, turawan Fotugal suka gina shi tun 1482. Amma in yaran ƙanana ne sosai gaskiya ɗakunan ƙasan nan da aka tsare mutane, duhu da warin da har yau bai fita ba, ni kaina da na fito na daɗe ban iya magana ba. Sai ku yi karɓa-karɓa, ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya da su su kalli kwale-kwalen masunta daga kan gada. Talata dai ba'a fita su, don haka ranar ba zaku ga hada-hadar kifin ba.

Na Malam:
Ni ina ga in baka je Ankasa ba baka ga daji ba, Kakum ai ta zama kasuwa. Can kusa da Elubo ne iyakar Kwaddibuwa, yankin da ya fi ko'ina ruwan sama a Gana, akwai wani waje da gora ta haɗe sama ta rufe kamar rumfa, ba kowa sai kai da kukan tsuntsaye.

Ɗan Zangon Takoradi:
Na Malam gaskiyarka kan kyau, amma mutum da iyali da motar aro fa. Hanyar cikin Ankasa tana son mota mai tsayi, in ƙaramar mota ce ƙanin nasa ba zai ji daɗin yadda zata dawo ba. Alhaji ni shawarata ka yada zango a Busua, bayan Takoradi ka karya kwana a Agona Nkwanta. Daga nan da ƙafa ma zaku je Dixcove, ko ku bi bakin ruwa zuwa Butre ku hau tudun tsohuwar ganuwar Batenstein ku hango inda kogi ya haɗu da teku. In lokaci ya ragu sai a ware yini guda a je Beyin a shiga kwale-kwale zuwa Nzulezu, a tabbatar an baiwa yara rigar ruwa kafin a tashi. Kar ka yi tuƙin dare, manyan motocin da ke zuwa Abidjan wannan titin suke bi.

Baban Khalifa:
Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Motar ƙarama ce, don haka Ankasa sai wani jiƙon Na Malam. Uwargida ta leƙo ta karanta batun gadar, tace ita zata tsare mana jakunkuna a ƙasa.

Maman Ilham:
Hhhh ku lallaɓa ta, akwai gajeriyar hanyar fita bayan gadar farko ga wanda ƙafarsa ta ƙi. Kar dai a manta katin rigakafin shawara na kowa har yaran, ana tambaya wajen shiga ƙasar.