Jerin Honor Harrington: bayan littafi na 10, wanne za mu ɗauka?

Assalamu alaikum jama'a. Mu 'yan zauren karatu ne a Samaru, Zariya, kuma jerin labaran yaƙin sararin samaniya na David Weber, wato Honor Harrington, ya cije mana.

Daga On Basilisk Station na 1993 har War of Honor na 2002, wato na 10, hanya miƙaƙƙiya ce. Daga nan ta rabu uku. Ga babban jerin da ya ci gaba da At All Costs a 2005, ga reshen Crown of Slaves na 2003 da ya rubuta tare da Eric Flint, ga kuma reshen The Shadow of Saganami na 2004.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lokutansu sun hau kan juna. Wanda ya bi babban jerin kaɗai, kafin ya kai Mission of Honor, littafin da ya biyo bayan At All Costs, zai tarar ana maganar rikicin yankin taurarin Talbott da makircin duniyar Mesa kamar ya san su tuntuni, alhali a rassan nan biyu aka fi ba da labarinsu. Wanda ya bi shekarar bugu kuma, Storm from the Shadows, na biyu a reshen Saganami, zai maimaita masa abin da ya riga ya gani a At All Costs, sai dai ta idon Michelle Henke, ƙawar jarumar jerin, Honor. Wannan maimaicin yana gundura, gaskiya.

To, shekarar bugu ta fi, ko bin lokacin cikin labarin? Sannan gajeren labarin From the Highlands, inda Victor Cachat, ɗaya daga cikin jaruman Crown of Slaves, ya fara fitowa, dole ne a karanta shi kafin Crown of Slaves, ko za a iya tsallakewa?