Ina zan kai Baba shan iska da keke a Accra?

Ɗan Mamobi:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki tun bayan sallar layya, yanzu sai a keken guragu, kuma masu yi mai gashi a asibiti sun ce a dinga fita da shi yana ganin mutane, zaman ɗakin ne ke ƙara kashe mai jiki. To matsalar kun san lungunanmu, daga ƙofar gida zuwa titi sai mun tsallaka gota biyu, ɗaya babu murfi ɗaya katako aka ɗora ya ruɓe, jiya tayar gaba ta faɗa rami saura kaɗan ya kife, wallahi jikina har yanzu rawa yake. Mutumin da shekara talatin bai rasa asuba a masallaci ba yau ga shi yana jin kiran salla ta taga yana hawaye. Akwai wani fili ko lambu da hanyarshi ke shimfiɗe wanda zan tura shi ko na awa ɗaya?

Maman Hafsa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya ɗana, Allah ya saka maka. Ka gwada Kwame Nkrumah Memorial Park, tun da suka gyara aka sake buɗewa a 2023 hanyoyin ciki na da faɗi kuma a daɓe suke, na kai tsohuwata da sandarta ta zagaya wajen ruwan nan ba ta yi tuntuɓe ba. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ku je da safe dan rana in ta buɗe ba wasa. Cikin jami'ar Legon ma akwai kwalta da inuwar itatuwa, sai dai kar ka nufi sama wajen Great Hall, hawa ne. Aburi da ke wajen Accra kuwa iskarta ba a magana, lambun tun 1890 yake, layin dogayen itatuwan nan na shiga kaɗai ya isa ya wanke mai zuciya, amma sai ka ɗauki shatar tasi, shiga motar haya ta trotro da keke wahala ce.

Mai Keke Nima:
Ɗan'uwa ni shan inna ta same ni ina shekara huɗu, kan keke na girma, bari in faɗa maka abin da masu ƙafa ba sa lura da shi. Kafin ka ɗauki Baba ka je kai kaɗai ka duba wurin. Ka duba gangara, ƙa'ida ita ce in tudu ya kai taku ɗaya to tsawon gangarar ya kai taku 12, amma magina da yawa sai su zuba siminti a tsaye kamar na hawa da babur su ce sun yi wa guragu hanya, irin wannan in ka sake hannu sai dai wani ba shi ba. In za ka sauko gangara mai tsauri ka juya keken ka sauko da baya. Ka duba ƙasa, yashi da tsakuwa su ne maƙiyan ƙananan tayoyin gaba, shi yasa bakin teku sai dai kallo daga nesa. Ka duba bayi, ƙofarshi keke na shiga? Na taɓa zuwa wani wurin shaƙatawa, hanya lafiya lau har na ji daɗi, da fitsari ya matse ni sai ga matakala uku a ƙofar bayi, dole na koma gida ban ko taɓa abincin da na saya ba.

Kuma fa ba alfarma muke roƙo ba. Akwai dokar masu nakasa, Act 715 ta 2006, ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 10 su gyara, wa'adin ya cika tun 2016, Gana ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan masu nakasa a 2012. Takarda dai an rubuta. Ni abin da ke cin raina, lambu mai kyau a cikin gari me zai min in ba zan iya fita lunguna ba? Sai na jira yara biyu su ɗaga ni kamar buhun gawayi.

Yar Aboabo:
Daga Kumasi nake bin ku. In kun zo nan akwai Rattray Park da aka buɗe 2015, da yamma mutane na kai tsofaffi. Amma yaya Mai Keke ka manta makafi, ƙanina ba ya gani, shi abin da yake so gefen hanya ya zama da ɗan tudu da sandarshi za ta dinga bi, kuma kar a kafa allon talla ko a faka babur a tsakiya. Masu ciki da tsofaffi kuma benci suke so nan da can, ba kowa ke iya tafiya mai nisa ba hutu.

Ɗan Mamobi:
Na gode ƙwarai, Mama in sha Allahu asabar za mu je Nkrumah, zan fara leƙawa juma'a kamar yadda yaya ya ce. Amma maganar lungun nan ta tsaya min a rai, bayan isha'i na auna da ƙafa, daga gidanmu zuwa masallaci taku 90 ne kacal, gota biyun nan ne kawai suka raba Baba da sahu. Na yi wa liman magana ya ce zai sanar a tara kuɗi, wani birkila a layinmu ya ce in an sayo siminti da rodi aikin hannu kyauta ne, gobe kuma zan nemi asambuliman ɗinmu, wato wakilin unguwarmu a majalisar gari. Yaya Mai Keke, murfin gotar faɗin nawa za mu zuba?

Mai Keke Nima:
Kar ya gaza mita ɗaya, in lungun zai ɗauka ku yi ɗaya da rabi dan keke ya iya juyawa. Kuma ya zauna daidai da ƙasa, kar bakin ya ɗago ko kaɗan. Ranar da za ku zuba ka faɗa min in zo in hau in gwada kafin Baba.