Shin "babba" da "ƙoli" duk ɗaya ne?

Ɗan Kallo: Jama'a, ni dai a ganina kalmar nan "ƙoli" ƙarin gishiri ce kawai ta 'yan rediyo. Kotun Ƙoli, taron ƙoli, majalisar ƙoli. Me ya hana a ce babbar kotu, babban taro? In ka ce abu babba ne ai ka gama magana, babu sama da babba.

Mai Fassara: Ƙanena, je ka faɗa wa wanda ya sha kaye a Babbar Kotu cewa babu sama da ita, ka ga yadda zai harare ka. A Najeriya daga Babbar Kotu sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sannan Kotun Ƙoli da ke Abuja. Kowace jiha tana da Babbar Kotunta, ga kuma Babbar Kotun Tarayya. Kotun Ƙoli kuwa ɗaya ce tak, kuma tun 1963 da aka daina kai ƙara Ingila, daga bakinta shari'a ta ƙare. In na rubuta "babbar kotu ta yanke hukunci" alhali Kotun Ƙoli nake nufi, na ɓatar da mai karatu, zai zaci da sauran damar ɗaukaka ƙara.

Tsohon Malami: Kuma ƙoli ba ƙirƙirar gidan rediyo ba ce, yaro. Tun kafin a san akwatin rediyo ake cewa ya hau ƙolin bishiya, ya kai ƙololuwar dutse. Aro kawai aka yi daga tsawo zuwa matsayi. Ka lura da abu guda: babba yana da jam'i, wato manya, kuma manya kan cika ɗaki. Ƙolin bishiya ba ya ɗaukar mutum biyu. Gaba da gabanta ake cewa, babba ma yana da babbansa.

Ɗan Kallo: Baba, da girman kujerarka, to Babban Bankin Najeriya fa? Wane banki ne sama da shi? Babban Hafsan Tsaro fa, Babban Sufeton 'Yan Sanda fa? Su nawa ne? Ban taɓa jin an ce Bankin Ƙoli ba.

Mai Fassara: Wannan kam ka kama ni, ban yi musu ba. Amma duba da kyau, kalmar da ta biyo baya ce take ɗaga shi sama. Babban birnin tarayya ɗaya ne, babban birnin jiha kuwa 36 ne. Babba yana nuna shugabanci a cikin da'irar da aka ambata, in da'irar ƙasa ce gaba ɗaya sai ya zama shi ne a sama. Ƙoli ba ya buƙatar wannan dogari.

Tsohon Malami: Ku bari in ƙara wani abu, don duk kun tsallake uwar zancen. Asalin hanyar da Bahaushe yake fifita abu ba sifa ba ce, aikatau ne: fi. Ya fi wane ilimi, an gwada mutum biyu ke nan. Ya fi kowa ilimi, an kai maƙura. Daga wannan fi ɗin aka samo mafi, da fifiko, da mafifici, da fiyayye. Kuma mafi ba ruwansa da sama kaɗai, yana sauka ƙasa: mafi ƙanƙanta, mafi muni, mafi ƙarancin albashi. Ƙoli ba ya wannan aikin. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu rubuta "mafi girma fiye da kowa". An ɗora rawani kan rawani. Ko dai mafi girma, ko ya fi kowa girma.

Uwar Biyu: Malam, ka ce "uwar zance" ka wuce kamar ba ka ce komai ba. Ai ita ma kalmar fifiko ce. Uwargida, uwar jam'iyya, uwar kuɗi. In kuma ana jero abubuwa aka zo kan wanda ya fi muhimmanci sai a ce uwa-uba. Ga kuma salon nan na jingina abu ga jam'insa: Alƙalin Alƙalai, gwanin gwanaye. Ni a kunnena Alƙalin Alƙalai ya fi "babban jojin ƙasa" daɗi nesa ba kusa ba.

Gardi: Ni damuwata daban ce. Na ga wasu matasa na rubuta "maɗaukakin shugaba" ga ɗan Adam. A bakin Bahaushe Maɗaukaki na Allah ne, Allah Maɗaukakin Sarki, kamar yadda Fiyayyen Halitta yake na Annabi (SAW). Shi ya sa ko shugaban Iran na sama, masu labarai "jagoran addini" suke ce masa.

Mai Fassara: Ta fuskar ginin kalma babu abin da ya hana, daga ɗaukaka ta fito, kuma ana cewa Allah ya ɗaukaka wane. Amma na yarda da kai, Malam Gardi, kunne ya riga ya keɓe ta. Ko ni ba zan rubuta ta ga mutum ba.

Uwar Biyu: Da dai a haka aka keɓe "Mai Girma". Mai Alfarma har yau na Sarkin Musulmi ne, Mai Martaba na sarakuna, amma Mai Girma da ake ce wa shugaban ƙasa da gwamna yanzu har kansila da ɗan takarar da bai ci zaɓe ba.

Ɗan Kallo: To kun gani, Hajiya? Kalmar girma ma tana tsufa. Zancen kotu na sallama, ba zan ƙara cewa babbar kotu ba. Amma taron ƙoli ina nan kan bakana, babban taro ne.

Mai Fassara: Babban taron jam'iyya wakilai dubbai ne ke zuwa. Taron ƙoli shugabannin ƙasashe ne, ko da su biyu ne a ɗaki. Wanne kake nufi?

Ɗan Kallo: Yaya, bari in yi la'asar in dawo.