Firaktikal ɗin fiziks a sakandare: ku yaya kuka yi naku?

Baban Amira: Salamu alaikum. Yarinyata za ta zauna WAEC bana, amma ta ce fendulum a allo kawai take ganinsa, ba ta taɓa riƙe shi ba. Waɗanda suka yi ajin kimiyya, ku ba mu labari.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Mu tun SS1 malaminmu yake shiga da mu ɗakin gwaji, Allah ya saka masa. Fendulum ƙwallon ƙarfe ne a ɗaure da zare. Ka ja shi gefe kaɗan, kada ya wuce digiri 10, ka sake shi, ka auna lokacin kai-komo 20, ka raba da 20. Sai ka sauya tsawon zaren ka sake. Da muka zana giraf, g, wato ma'aunin yadda ƙasa ke jan abu ya faɗo, ya fito kusa da 9.8 ɗin da ke littafi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da aka sa ƙwallo mai nauyi, lokacin bai canza ba. Musu muka yi ta yi har aka tashi.

Anti Larai: Injiniya, ku 'yan gata ne! Makarantarmu ta mata agogon awo ɗaya ake ba rukuni guda, mai ƙarfi ta ƙwace, sauranmu mu zama 'yan kallo. Ga malama ta kashe fanka ta rufe tagogi a zafin bazara, wai kada iska ta kaɗa zaren. Da gumi muka haddace wannan ƙa'idar.

Ɗan Fagge: Namu ɗakin sai jarrabawa ta ƙarato ake buɗe shi, a kakkaɓe ƙura. Wasu 'yan ajinmu ba su wahalar da kansu ba, suka ɗauki g a matsayin 10, suka yi lissafi da baya suka cike tebur. Malam ya duba, ya ga kowane ɗigo ya hau layi daram. Ya ce, "Hannun ɗan Adam ba ya awo haka." Sifiri ya ba su.

Malam Sani: Ina koyar da darasin. Baban Amira, kada ka jira makaranta. Zare, notin keke da agogon waya sun isa fendulum a tsakar gida. Ta kuma ɗora rula a kan fensir, ta jera kwabbai hagu da dama har ta daidaita, ta ga nauyi sau nisa daga fensir yana zuwa daidai a ɓangarorin biyu. Inda yara suka fi zubar da maki giraf ne: su matse zane a lungun takarda alhali ya kamata ya ci rabinta ko fiye, su manta rubuta ma'auni, sakan ne ko santimita.

Baban Amira: Na gode, Malam. Tsawon zaren daga ina zuwa ina za ta auna?

Malam Sani: Daga inda aka maƙale shi zuwa tsakiyar notin, kada ta tsaya a samansa.