Shin kuskuren bugu yana ƙara wa tsohuwar tsabar kuɗi daraja?

Mai Tara Tsaba: Assalamu alaikum. A cikin tsabar da mahaifina ya bari na sami wata wadda rubutunta ya fito biyu-biyu, kamar inuwa a gefen haruffan. Don Allah, wannan aibi ne ko daraja?

Dattijo: Wa alaikumus salam, ɗana. Masu tarawa suna neman kuskuren da ya faru a gidan buga kuɗi, amma lalacewar da ta biyo baya, kamar ƙarzuwa ko lanƙwasa, rage daraja take yi. Idan rubutun a ninke yake tun a jikin hatimin bugun, wato ƙarfen da ake buga zanen tsabar da shi, kamar santin Amurka (ƙaramar tsabarsu) na 1955 mai hoton tsohon shugabansu Lincoln, abin nema ne ƙwarai. Idan kuwa hatimin ya zame ne lokacin bugu, ninkin yakan fito a shafe, kuma bai cika ƙara komai ba.

Malama: Baba ya yi gaskiya, kuma ƙarancin abu shi ne tushen tsadarsa. A 1943 Amurka ta buga santi da ƙarfe maimakon tagulla saboda yaƙi, sai 'yan kaɗan suka fito da tagulla bisa kuskure, ana kuma gwada su da maganaɗisu, wanda ke kama ƙarfe amma ba ya kama tagulla, domin jabu ya yi yawa. Ina roƙonka kada ka goge tsabar taka, domin gogewa tana kashe darajarta. Ka kai wa ƙwararre ya duba.