Wane shirin talabijin ne za a ci gaba da zancensa bayan 2030?

Da muka yi muhawara kan shirye-shirye masu dogon zango na shekarun 2020, shawarar da ta fi yawa ita ce kada a yanke wa shiri hukunci sai an ga ƙarshensa. Game of Thrones aka kafa hujja da shi, ganin yadda zangonsa na ƙarshe a 2019 ya zubar masa da ƙima wurin masoya da dama.

Da wannan ma'auni Succession ya yi rinjaye. Ya tsaya a zango na 4 a 2023, tun kafin a gaji da 'ya'yan attajirin nan masu cin dunduniyar juna kan kujerar ubansu. Aka ce a kalle shi waya na aljihu, domin rabin faɗan da harara da shiru ake yinsa. Ni ma na yarda.

Shogun ya kwashe lambobin Emmy 18 a 2024, wato lambobin yabo na shirye-shiryen talabijin a Amurka. Yawancin maganar da Japananci ce, amma kada karanta fassara a ƙasan allo ya hana mutum kallo. Kan Squid Game kuwa baki bai zo ɗaya ba: wasu na ganin suna ne ya fi aikin.

Marar lokaci ya fara da Adolescence. Kashi 4 ne kacal, kowanne an ɗauke shi a tashi ɗaya, babu yankewa.