Laftof ɗina tana zafi tana mutuwa da kanta: in buɗe ta ko in bari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Laftof ɗina ta kai shekara 4 a hannuna, kwanan nan kuma ta sauya hali. Fanka ba ta daina ƙara, ƙasanta ya yi zafin da ba a iya ɗora ta a cinya, in na kunna bidiyo ko na shiga taron Zoom sai ta ɗauke ɗif. Garanti ya daɗe da ƙarewa, kuma ba a taɓa buɗe cikinta ba. Na kuma lura wurin da ake goga yatsa ya ɗan taso, sai da ƙarfi yake dannuwa. Ina da ƙaramar sukudireba. In share ta da kaina, ko in rufa wa kaina asiri in kai wa mai gyara?

Wani mamba: Wa alaikumus salam. A kan me kake ɗora ta tukuna? In katifa ce ko filo, ka toshe mata hanyar iska, don yawancinsu ta ƙasa suke shaƙa. Sauke manhajar Core Temp ko HWMonitor ka ga zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. In yana kaiwa 95 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyas, da gangan take rage gudu ko ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Mai gyaran kwamfuta: Ɗan'uwa, shekara 4 ba shara, ƙura ce ba tantama. Kuma ba a jikin fanka take taruwa sosai ba, a tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen nan na bakin mafitar iska take. In ka ɗaga fankar za ka tarar ta dunƙule kamar audugar katifa, a zare ta da yatsa biyu ta fito gaba ɗaya.

Za ka iya, amma da sharaɗi. Fara neman littafin gyara na ainihin samfurinka. Dell da HP da Lenovo suna saka nasu kyauta a intanet, shafin iFixit ma na da hotuna mataki-mataki. Kashe ta gaba ɗaya, cire caja. Da ka ɗaga murfin ƙasa, kafin ka taɓa komai, zare wayar batir daga bod, wato babban allon lantarkin da ke ciki, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15. Galibin waɗanda ake kawo mana a mace nan suka tsallake: sukuru ɗaya ya faɗa kan bod alhali da wuta a jiki, shi ke nan. Sukurorin kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zana hoton ƙasan kwamfutar a takarda, kowanne ka ajiye shi a gurbinsa, don dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke sama. Murfin da tsohon katin roba ake ɓamɓare shi, ba da wuƙa ba. Share da buroshi mai laushi, in za ka hura iska ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Ka riƙa taɓa ƙarfe kafin ka kai hannu ciki saboda lantarkin jiki.

Wata mamba: Malamai, duk kun wuce maganar da ta fi tayar min da hankali. Ya ce wurin goga yatsa ya taso. A laftof da yawa batir a ƙarƙashin wurin yake, kuma batirin lithium in ya tsufa ko ya sha zafi iskar gas ce ke taruwa a cikinsa ya kumbura. Yaya, don Allah daina cajinta yanzu. Kada ka danne shi wai ya koma, kada ka huda shi, kada ka sa sukudireba ka banƙaro shi. Wuta yake kamawa.

Mai gyaran kwamfuta: Gaskiyar 'yar'uwa, wannan ya riga ƙura. In da sukuru aka ɗaure batirin, kwance shi ba wuya. In manne yake da gam, kada ka gwada, kai wa mai sana'ar.

Wani mamba: Tunda zai buɗe, ya canza man furosesa gaba ɗaya mana, wato man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye masa zafi. Bayan shekaru yakan bushe. A goge tsohon da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, a ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, a ɗaure sukurorin ƙarfen bisa lambobin da ke gefensu, 1, 2, 3, 4. Man goge baki da wasu ke sawa kuwa, a bar wa masu wasa.

Mai gyaran kwamfuta: Ni ban goyi baya ba a buɗewar farko. Bututun jan ƙarfen nan da ke janye zafi daga furosesa yana lanƙwashewa da sauƙi, kuma da ka ɗaga shi dole sai sabon mai. Ya share, ya rufe, ya sake auna zafi. In har yanzu yana haura 90 kan ƙaramin aiki, sai a zo maganar mai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe. Batirin ya yi ciki kuwa, amma da sukuru yake, na cire shi lafiya. Ƙurar ma na kwashe. Yanzu zan iya aiki da ita ba batir? Shi kuma ya zan yi da shi?

Wata mamba: Yawancinsu suna tashi da caja kawai, sai dai da wuta ta ɗauke ko waya ta zame, abin da ba ka adana ba ya tafi. Wasu kuma gudunsu kan ragu. Tsohon batirin kuwa ka ajiye shi a wuri mai sanyi, kan siminti, nesa da takardu da tufafi, har ka kai wa masu karɓar tsofaffin batura. Ba a jefa shi a shara. Kafin nan ka ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, da ita za ka nemi sabo, don samfuri ɗaya kan zo da batir iri biyu.